Burodin Jiya

Ruwan Douala ba ya sallama. Tun asuba yake zuba, Zulfa kuwa ta tako a ƙasa daga New Bell har Bonapriso, takalmi a hannu, don albashin gidan burodi bai kai na hawa babur ba. Marainiya ce, ba ta da kowa a gida sai kakarta Iyatu, makauniya. Wuni take a tsaye tana sallamar masu saye, ƙamshin burodi yana lulluɓe ta har ta riƙa ganin kanta a ɗakin da ba ya yoyo, mahaifiyarta tana mata kitso... sai wani ya buga tebur ta dawo.

A ƙa'idar gidan, burodin da ya kwana na ma'aikata ne, shi ne cin Iyatu safe da yamma. Sai Badamasi, ɗan kawun Zulfa, wanda Madam mai gidan ta ɗora a kan ma'aikata, ya ce an soke. Da Madam ta fara ƙorafin kaya na ɓacewa, sai ya miƙo wa Zulfa sabon burodi da murmushi.

"Kai wa Iya, ƙanwata."

A bakin ƙofa ya zazzage jakarta gaban Madam. "Voilà, ga ɓarauniyar."

"Yaya Badamasi, kai fa ka ba ni..." Kuka ya ci ƙarfinta. Aka kore ta. Wayyo maraici! Mai ɗaki ya fara zancen su tashi, Iyatu tana shan ruwan zafi tsura tana rantsuwa ta ƙoshi, Zulfa tana goge hawaye a kan sallaya tana cewa, "Allah, kai ka gani."

Rannan Madam ta shiga kasuwar Marché Dakar sayen kifi, ta tarar da tebur cike da burodinta, cikin takardar shagonta. Mai teburin ta ce ai Badamasi ke kawo mata kullum. Kafin la'asar yana hannun 'yan sanda.

Madam da kanta ta ratso kwatamin lungu ta durƙusa gaban Iyatu, sannan ta dubi Zulfa.

"Pardon, ma fille, ki yafe mini 'yata. Gobe ki dawo, kujerarsa taki ce."

Zulfa ta tsaya kamar mai barci a tsaye. "Iya, mintsine ni, ko mafarki nake."

Tsohuwa ta lalubo fuskarta tana hawaye. "Ba zan mintsine ki ba, 'yar nan. Wanda duniya ta yi miki ya isa."