Tsuntsun da Ke Wuyan Hannun Ƙarami

A ɗakin ɗibar jini na asibiti suka fara ganin juna, kuma ni ne sanadi, kamar yadda nake sanadin yawancin abin kirki a gidanmu. Ina kwance a hawa na sama, likitoci suna ta girgiza kai, wai sai an ƙara min jini. Ni da mota ta kife da ni na fito da ƙafata, ni da na binne sa'o'ina kaf! Jikana Ƙarami, kafinta, ya jefar da zarto ya sheƙo.

Nas ɗin ta ce ya naɗe hannun riga. Ya miƙa hagu, ta lalubi jijiya ta rasa, ta ce ya kawo dama. Ya yi jim kafin ya ɓalle maɓalli. A wuyan hannunsa ga zanen wani ɗan tsuntsu baƙi, fukafukai a buɗe.

"Wannan fa? Yaushe aka yi shi?"

"An jima."

Ta ɗauko allura, ya runtse ido, gumi ya keto masa.

"Ikon Allah," ta ce tana dariya. "An yi ta caka maka allura har tsuntsu ya fito, amma guda ɗaya ta sa ka gumi? Matsoraci."

"Waccan ba don kaina na yi ba," in ji shi.

Ta dube shi, dariyar ta tsaya. Da auduga a hannunsa ya fita, da lambar wayarta a aljihu.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ita da kanta ta karanta min saƙonninsu daga baya, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

"Matsoracina, ka ci abinci kuwa? Kakanka ya ce in ka yi sanya shi zai riga ka aurena. Wai har yanzu da sauransa."

"Mai Allurata, rabu da tsohon nan, haƙoransa ma na aro ne. Ina shago, garin katako ya cika min ido, amma ke nake gani."

Ƙarya yake yi, haƙori biyu ne kawai na aro.

Ya bar cocinmu ya koma bin ta nasu, can wata unguwa, kullum da riga mai dogon hannu a sauke. Akwai abin da bai faɗa mata ba.

Tagwaye ne su, 'ya'yan 'yata, Babba da Ƙarami, kamarsu ɗaya har ni sai na yi da gaske. Babba direba ne, mai surutu, mai dariya kamar ana sauke kwanon rufi. Shi ya fara yin tsuntsun, a wata tafiyarsa. Shi ke tuƙa motar da ta kife da ni. Na fito, shi da ƙuruciyarsa bai fito ba.

Bayan jana'iza uwarsu ta daina cin abinci. Ta ja kujera bakin taga tana tambayar kowa yaushe Babba zai dawo. Ta rame har zobe ya zame daga yatsarta. Ran nan sai Ƙarami ya shigo da hannun riga a naɗe, tsuntsu a wuyan hannu, fatar ko warkewa ba ta gama yi ba. Ta kama hannun ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kawo mata abinci.

Tun daga ranar, in ya shigo da hannun riga a sauke, Ƙarami ne. In ya naɗe, Babba ne, ya zauna a kujerar Babba, ya yi dariyar Babba. Ni ba na tsoron komai a duniyar nan, amma ranar da na fara jin dariyar nan daga ɗaki, sai da na dafa bango.

Wata Asabar da rana Nas ta zo gaishe ni ba sanarwa. Ta tarar da shi a falo, hannun riga a naɗe, yana ƙyaƙyata wata dariya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Babba, wace ce wannan?" in ji uwar. "Ina mai ɗinkin nan da ka ce za ka aura?"

Nas ta ajiye ledar da ta zo da ita, ta juya. Kafin ta kai titi saƙonta ya shigo wayarsa.

"Ashe sunanka ma ban sani ba. Ka gaida mai ɗinki."

"Rabin raina, mai ɗinki ta ɗan'uwana ce, shi kuma yana kabari. Ki tsaya a bakin kantin magani, ina zuwa. In kin ji kika ce in tafi, zan tafi."

Ta tsaya. A gefen titi, motoci suna wucewa, ya faɗa mata komai. Ta riƙe hannun nan tana shafa tsuntsun da babban yatsa.

"To ni wa nake so a cikinku?"

"Ni."

"Kai wa?"



Ana haka sai mai koyar da mawaƙan cocinsu, wanda ya daɗe yana zagayen Nas tana kauce masa, ya ga Ƙarami yana gyaran bencin coci da hannu a naɗe, tsuntsu a fili. Bai ko jira a tashi daga koyon waƙa ba ya kai labari wa mahaifinta, dattijon ikilisiya, tsohon malamin makaranta, mutum mai magana ɗaya.

Dattijo ya kira su falonsa.

"Ɗana, ba ni da ƙorafi a kan sana'arka ko halinka. Amma Maganar Allah ta hana mutum tsaga jikinsa ko yi masa zane saboda matattu. Naka kuwa na ji saboda mamaci ne, sak abin da aka hana. Akwai asibitin da ake goge irin wannan. Ka goge, ka dawo mu yi magana."

"Baba," in ji Nas, "Fasto ya ce an ba da dokar nan ne don a raba mutanen Allah da masu bautar matattu. Ya ce Allah zuciya yake dubawa."

"Fasto ya kuma ce jikin nan haikali ne, ba allon zane ba."

"Ba don mamaci ya yi ba, Baba. Don uwarsa ya yi, tana da rai. Girmama uwa ba doka ba ce?"

Ƙarami ya ce a hankali, "In na goge, Baba, za ta sake binne shi. Ba na jin za ta tashi."

Dattijo ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Ya zo ranar Lahadi bayan sujada. Na tarbe shi yadda ya dace da mutum irina. Ya zauna ya ga Ƙarami ya gaida uwar ya fita, ya ga ya dawo da hannu a naɗe, murya ta canza, tafiya ta canza. Dattijo ya ajiye kofin shayi.

Ya ja yaron baranda, ni da Nas muna biye.

"Na zo da maganar zane, na tarar da abin da ya fi zane. Wa zan ɗaura wa aure, ɗana? Wa zai tsaya gaban Allah ya yi alkawari? Ba zan ba 'yata gidan da mamaci ke shiga yana fita ba. Ka bar tsuntsun a inda yake tukuna. Ka shiga ka faɗa wa uwarka gaskiya."

Ƙarami ya dubi Nas. Idonta ya cika, amma ta ce, "Shiga, Matsoracina. Ina bayanka."

Ya durƙusa gaban kujerar taga, hannu a naɗe, ya yi magana da muryarsa ta kansa.

"Mama, ni ne. Ƙarami ne. Babba ya rasu, Mama. Ni ne kullum."

 

Uwar ta kama hannun ta juya shi wajen haske.

"A ina ka samo hoton da ka kai wa mai zanen?"

"A wayarsa. Wanda ya ɗauka a gaban madubi."

"Shi ya sa. Tsuntsun Babba wajen babban yatsa yake kallo. Naka ya juya baya. Kuma nasa a hagu yake, madubi ne ya mai da shi dama." Ta share masa hawaye da tafin hannu. "Tun ranar farko na gani. Na ga ɗana ya je an huda masa fata don in ci abinci, sai na ci. Daga baya na ga in ka yi dariyarsa kai ma kana samun barci, sai na ƙyale ka. Wani lokacin kuma ni ma ina so in ji ta. Allah Ya yafe mana mu biyu."

Suka rungume juna suka yi kukan da ba su yi ba ranar jana'iza. Dattijo ya cire tabarau ya juya yana kallon bango.

A bakin ƙofa ya ce wa Ƙarami, "Har gobe ban yarda da zane a jiki ba, kuma kada in ga an yi wa jikokina. Amma ba zan sa a ƙone fatarka don a wanke abin da Ubangiji ya riga ya gani ba. Ka turo manyanka."

Manyansa kuwa ni ne, kuma ba a taɓa neman aure da iya magana irin tawa ba.

Ranar ɗaurin aure coci ya cika har waje. Mai koyar da mawaƙa ne ya ja waƙa, da muryarsa a shaƙe. Idona ya tsufa, ban musa ba, amma da ango ya tsaya gaban Fasto sai na ga kamar mutum biyu ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Na murza ido, na ga ɗaya.

Da aka gama, uwar ta ɗora hannu a kansu, ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ƙarami, ɗana, Ubangiji Ya albarkace ka da matarka."

Amarya ta raɗa masa wani abu ya yi dariya, ƙasa ƙasa, irin tasa.

Allah Ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, Ya ba su tsawon rai, ko da rabin nawa ne. Wanda ya riga mu kuma, Allah Ya ba shi hutu. Amin.