Majami'ar Ƙurɗuba

"Sake kunna masa, Sharifa! Ya ji da kunnensa!"

Sundus na tsaye a ƙofar majalisi, riƙe da farantin gahawa. Mahaifinta ne ya yi tsawar, Malam Abdulfattah. A gabansa Haisam ne zaune, wanda za a ɗaura musu aure bayan Sallah, ya sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kamo da akuya.

Sharifa 'yar baffanta ce. Ita ta fara ganin Haisam a unguwar Harra ta Yamma da ke Madina, ba ta kuwa taɓa yafe wa Sundus ba. Jiya ta ari jawwal ɗinta, wato wayarta, wai za ta ga hoton rigar biki. Yanzu daga bayan labule ta danna saƙon muryar da Haisam ya turo wa Sundus.

"Habibti... yau ni shiga majami'a na Ƙurɗuba. Wallahi zuciya na ya kwanta. Sai na kawo ki!"

Haihuwar Madina ne Haisam, ana yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Malam ya sha yi masa gori a kan haka, shi ya sa da aiki ya kai shi Sifaniya ya dage da turo saƙo da Hausa, don ya burge.

Ya kuwa burge.

"Kakana da ƙafa ya tako daga Kano zuwa garin Manzo," in ji Malam. "Kai kuma ka hau jirgi daga garin Manzo ka je coci neman natsuwa!"

"Coci?" Haisam ya ɗago. "La ya ammi! Majami'a... ya'ani jami'i, masallaci babba. Ba haka Hausa take ba?"

Sundus ta dire farantin.

"Baba, ka ji ko? Bai sani ba! Ya ɗauka majami'a ita ce jami'i. Ya Haisam, majami'a ai ta Kiristoci ce!"

Har fuskar Malam ta fara saki. Sai hannun Sharifa ya ɓullo ta labule.

"Baffa, wannan masallacin da gicciye ake yi masa ado?"

Hoto ne. Haisam na murmushi tsakanin ginshiƙai masu ratsin ja da fari, can bayansa ga gicciye na zinariya.

"Masallaci ne tun zamanin Andalus, ya ammi. Da suka ci garin sai suka gina kanisarsu, ya'ani cocinsu, a cikinsa. Mihrabin na nan, ayoyi na nan..."

"Ka yi sallah a ciki?"

"Masu gadi ba sa bari."

"An buga ƙararrawa?"

"An buga."

"To Hausarka ba ta yi kuskure ba. Karo na farko kenan."

Sharifa ta yi 'yar dariya, ta mayar da ita tari.

Malam ya dubi 'yarsa, ya ga hawaye, ya ja tsaki.

"Saboda ita, ƙofa ɗaya zan buɗe maka. Ka ce da ka ga gicciyen ka fito da gudu. Ka ce ka tuba. Halas, a sha gahawa."

"Ka faɗa, ya ruhi," Sundus ta ce a hankali. "Don Allah..."

Haisam ya girgiza kai.

"Ban gudu ba. Na zagaya ko'ina, har wajen kujerunsu na waƙa. Na tsaya gaban mihrabin na yi kuka. Ban yi wa kowa sujada ba. Me zan tubar wa?"

"Haisam!" Sundus ta yi ƙara.

"Sharifa," Malam ya ce, "ɗauko masa shabkarsa, gwal ɗin baikon da ya kawo."

Ba a taɓa ganin Sharifa ta yi aike da sauri haka ba. Amma a matakala Sundus ta fizge akwatin gwal ɗin daga hannunta.

"Ko mayarwa ce, ba ke za ki miƙa masa ba!"

Ta same shi a bakin ƙofa yana neman takalminsa.

"Sundus, hasken idona... ki fahimce ni. Ba zan fara zama da ke da ƙarya ba."

"Ka huta, ba za ka fara ba."

"Da kin ga wurin..."

"Dutse ne, Haisam! Ya yi shekaru ɗaruruwa a tsaye, bai buƙaci ka kare shi ba. Ni ce na buƙata. Hausarka ba kyau, amma 'na tuba' ko yaro ya iya."

Ta ɗora masa akwatin a tafin hannu. Yatsunsa suka taɓa nata, ta janye.

"Wallahi ban yi laifi ba, habibti."

"Na sani," ta ce, tana jawo ƙofar. "Da ka yi, ai da na samu abin da zan yafe maka."