Zaɓin Zahara'u

A bakin tafkin Madarunfa Faruk ya fara ganin Zahara'u tana suyar kifi. Direba ne, yana jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Ya tsaya sayen kifi, daga ranar bai ƙara fashin zuwa ba. 'Yar Tafki yake ce mata.

Ana shirin kai gaisuwa ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Likita ta ce kansa ce, ciwon dajin da ya kashe mahaifiyarta, ta tura ta Yamai.

Inna Ɗelu, mahaifiyar Faruk, ta ce masa, "Ba za ka kawo mini jinya gida ba. Ga Maimuna ɗiyar kawunka, lafiya lau."

A Yamai aka ce ta zo da wuri. Ana iya cire maman duka, ana kuma iya cire ƙullutun da naman gefensa kawai, a bi da gashin na'ura don ƙone ragowar ciwon.

Tsoro ya kama Faruk, ya tura mata saƙo: "'Yar Tafki, a cire duka. Ni ranki nake so."

Ta amsa: "Inna ta yanke hukunci a kaina, kai ma ka yanke. Ba wanda ya tambaye ni."

Ta kashe salula. Aka cire ƙullutun kawai, yadda ta zaɓa, gwaggonta kaɗai ke tare da ita. Tana kwance labari ya iso mata wai an ba Faruk Maimuna. Ta juya ga bango, ta daina tambaya.

Ran nan tana zaune kan bencin asibiti, a rame, tana jiran gashin na'ura, sai ga Faruk.

"Ina Maimuna?"

"Gidan ubanta. Na ƙi." Ya durƙusa. "Na yi kuskure. Me kike so?"

"In rayu da jikina. Amma ka sani, zai iya dawowa. Haihuwa ma an ce in dakata."

"Sai mu dakata tare."

Ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Bayan damina aka ɗaura aure, ba kiɗa. Inna Ɗelu ba ta zo ba. Mahaifin Zahara'u ya rako ta har bakin mota.

"Faruk, uwarta ɓoye ciwonta ta yi har ta tafi. Wannan ta faɗa. Idan ta yi magana, ka saurare ta. Allah Ya ba ku tsawon kwana tare."

"Amin, Baba," in ji su.