Kusurwar da Aka Bari da Duhu

Ni dai kun san ni. Aljani bai taɓa leƙa gidana ba, don ya san wanda ke ciki. Idon nan nawa kuwa, tun da aka yaye ni bai san hawaye ba. Wannan labarin wani maƙwabcina ne, bakanike, mutum mai raunin zuciya, ba irina ba.

'Ya'yansa biyu suna karatun lantarki a jami'a. Yaya ya sha jinya har Auta ta kamo shi a aji, sai aka haɗa su aikin kammala karatu tare da ƙawarta Mai Tabarau. Za su sa wa mota fitilun ciki masu jin umarni, a taɓa waya su sauya launi. Uban ya ba su tsohuwar motar da ke rumfar bayan gida, wadda tayoyinta suka daɗe da kwanciya. 'Yan matan ke jan wayoyi, Yaya ke rubuta umarnin a kwamfutarsa ya zuba wa na'urar, 'yar aba kamar kwalin ashana.

Yaya yana da wata ɗabi'a. Ba ya buɗe motar sai ya yi sallama, kuma ya bar kusurwa guda a kujerar baya babu haske.

"Yaya, gizo-gizo kake gaisarwa?" in ji Auta.

"Wanda ya riga mu kama haya," in ji shi.

Ana dab da gama aikin ciwon ya dawo. Wannan karon bai tashi ba.

Da aka koma karatu, malaminsu ya ce kusurwar nan mai duhu za ta ci musu maki. Mai Tabarau, da zuciya ɗaya, ta zuba sabon umarni a kan na Yaya. Na'urar ba ta riƙe biyu. Kwamfutarsa kuwa a kulle take, ya tafi da mabuɗin a kansa.

Ranar da magariba, uwar tana kwashe shanya, bakanike yana wanke baƙin mai a hannunsa, sai dutse ya faɗo kan kwano. Sai wani. Babu yaro a layin, babu iska. Motar ta kama da haske fari fat, har ƙarƙashin kujeru. Auta ta fito daga cikinta tana tafiya irin ta tsofaffi, ta nemi inuwar bango ta tsuguna, ta rufe ido da tafukanta.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Ba ta ci, ba ta amsa sunanta. Bakanike ya cire batir ya ajiye a ɗaka, fitilun ba su fasa ba. Uwar ta daina magana sai da ido: ɗaya ya tafi, ga ɗayar tana bin sa.

Aka kawo wani malami, tsoho mai yawan tari. Ya zauna gaban Auta yana karatu har inuwa ta cinye tsakar gidan.

"Wane ne kai?"

"Ɗan haya." Muryar da ta fito daga bakin Auta kamar ana jan ƙarfe a ƙasa.

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Sun haske min ɗaki. Wannan zan iya yafewa. Ina mai sallamar? Kullum ina jiransa. Na yi jifa, na yi jifa, bai fito ba."

Malam ya juya ya dubi bakanike. Bakanike ne ya amsa.

"Ya rasu."



"Babu wanda ya gaya min," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "To, ba na zama. Amma ku shiga motar. Akwai abin da ya shirya muku, yana gwadawa in ba kwa nan. Ni kaɗai na gani."

"Nuna musu sau ɗaya," in ji malam, "sannan ka sake ta."

Iyayen suka shiga. A wurin zaman uwar haske ya taso a hankali, ruwan zuma, irin wanda ba ya sa mata ciwon kai. Ƙarƙashin sitiyari, inda uban kullum yake yar da makulli yana masifa, wata 'yar fitila ta kama. Kujerar Auta ta yi ta walƙiya kala-kala, tsokana zalla. Kusurwar nan tana nan da duhunta. Sai komai ya mutu.

A waje Auta ta yi atishawa ta buɗe ido. Ita kaɗai ce ba ta gani ba. Daga bakin iyayenta ta sake gina aikin Yaya, har ta ci maki, amma uwar ta ce ruwan zumar bai kai ba. Bakanike kuwa kuka ya yi ta yi kamar yaro, abin kunya, ƙato da shi.

Ina kawowa nan a bakin gareji, abokai suna sauraro, sai na ji murya a bayana.

"Baba, wane maƙwabcin? Mu da kango ne kawai a layinmu." 'Yata ce. Ta miƙo min hankici. "Goge fuskarka ka taso. Rana ta faɗi, Mama tana cikin motar tana jiran ka."