Ƙarnin Kifi a Rigar Rilwanu

Anti Kaltouma ce ta fara shinshino maganar. Ta zo McLeansville duba 'yar yayanta Anissa, ta tarar da ita tana ware kayan wanki, sai Anti ta ɗaga rigar Rilwanu, mijin Anissa, ta kai hanci.

"Wannan ƙarnin kifi hwa? Ba a shagon magani yake aiki ba?"

"Obataim yake yi ranar Asabar, ƙarin awannin aiki, Anti."

"Obataim cikin ruwa? Dubi yashi cikin aljihu! Ke Anissa, wa ke kiran shi yana fita waje?"

Anissa ta sunkuyar da kai. Sau uku tana ganin sunan a wayarsa — Jemimah. Da ta faɗa, Anti ta dafe ƙirji, ta ce ai magana ta ƙare, Anissa ta haɗa kayanta su wuce gidan Baba, mahaifinta, yanzu. Anti irin mutanen nan ce da ke yanke hukunci kafin a gama sallama. Anissa ta yi kuka, don tana son mijinta ƙwarai, amma ta roƙi a bar ta ta gani da idonta tukuna.

Da yamma sai ga Rilwanu da fara'arsa, wai ya kama musu ɗaki a wani ƙauyen masunta a bakin teku, su je hutun kwana biyu.

"Ka taɓa zuwa ne?" Anissa ta tambaya.

"Ni? A intanet na gani."

Awa huɗu suka yi a mota, bai duba taswira ko sau ɗaya ba. Ƙauyen ɗan ƙarami ne: gidajen katako a kan dogayen turaku, ragogin kamun kifi a shanye, tsuntsaye sai ihu suke. Anissa ba ta ga kyawun komai ba, mata kawai take ƙare wa kallo. Mai shagon mai ya ɗaga masa hannu. Wani mai wanke jirgi ya kira sunansa. Har karen bakin gadar da jiragen ruwa ke tsayawa ya taho yana kaɗa masa jela!

"Rilwanu, karen ma a intanet kuka haɗu?" in ji ta. "Kai ni wurin Jemimah. In ba haka ba, wallahi daga nan gidanmu na nufa."

Ya ja hannunta har ƙarshen gada. Wata tsohuwa ce zaune tana ɗinkin raga, furfura fat, da takalmin roba har gwiwa. Ta kai saba'in.

"Ke ce matar?" in ji Jemimah cikin Turanci, tana dariya. "Wata uku yana yi min amai a jirgi saboda ke!"

Rilwanu ya share gumi. "Ke kin san al'adar gidanku. Baba Tahirou masunci ne tun a Gaya ta bakin kogi, ba ya cin abinci a gidan 'yarsa sai surukin ya kawo kifin da ya kama da hannunsa. Shekara biyu kina girka masa, yana mayarwa, kina shiga kicin kina kuka. Ni kuwa Bakano ne, ruwan da ya wuce bokiti tsoronsa nake. Kunya ta hana ni faɗa miki."

"Shi ne ka yi min ƙarya? Saura kaɗan aurenmu ya mutu a kan kunyarka!"

"Na yi kuskure. Ki yafe min."

Sai Anissa ta ce su shiga jirgin Jemimah. Da suka yi nisa ta kira Baba ta bidiyo, ta juya wayar. Tsohon ya ga surukinsa riƙe da birgi, ragar nan da ake wurgawa ta baje a ruwa. Rilwanu ya wurga, ragar ta faɗi a dunƙule.

"Kai!" Baba ya miƙe tsaye. "Buɗe ƙafa! Juya ƙugu, ɗana, ba kafaɗa ba!"

A wurgi na huɗu kifi biyu suka fito, ƙanana abin tausayi. Baba ya daɗe yana kallo, ya goge ido da gefen rawani.

"Anissa, kada ki soya. Miya za ki yi. Lahadi ina zuwa, a sa mini tuwo da yawa."

Anissa ta fashe da kuka, Rilwanu kuma ya koma gefen jirgi ya ci gaba da amansa.

Ran Lahadi Anti Kaltouma ta riga kowa zuwa, kuma ita ta fi kowa cin miyar. Da Anissa ta haɗa kayanta a kan zato, da Baba bai taɓa zama a tabarmarta ba. Mai zargi ya yi haƙuri ya bincika, mai ɓoye alheri kuma ya sani ƙaryar da ya rufe shi da ita tana iya rushe gidan da yake son gyarawa.