Sai Mota Ta Iso

"Fabrairu?" Gianna ta ajiye cokalin da ke hannunta. "Brodie, Fabrairu na ji ka ce?"

"Haka suka rubuto min jiya, rabin raina. Tun da na ga saƙon ko abinci ba ya min daɗi..."

Ta kalli farantinsa. Karo na biyu ke nan Mama tana zuba masa taliya, kuma ya kusa sharewa.

Ranar Lahadi ce, ranar da kowa ke hallara a teburin gidan Torrisi ko da ana tsakiyar yankan rake. Mahaifinta, Baba Alfio, yana zaune a kujerarsa ta ƙarshen tebur, hannunsa na dama yana karkarwa kamar yadda ya saba tun da ciwon ya kama shi. Bai ɗago ba sai da ya gama tauna lomarsa a tsanake.

"To wannan karon me ya same ta?" ya ce. "Da farko wani ɗan ƙarfe ne ya ƙare a masana'anta. Sannan ƙwaro ya shiga jirgin ruwan da zai ɗauko ta. Yanzu kuma fa? Kifi ne ya haɗiye ta?"

"Alfio!" in ji Mama Nerina.

"Tambaya kawai na yi, Nerina. Ai dole in tambayi lafiyarta, tunda ita ce babba a gidan nan. Sai ta ba da izini za a ɗaura auren 'yata."

Brodie ya yi 'yar dariya. "Baba ke nan! Ai ba ni kaɗai ba ne. Rabin ma'aikatan wurinmu suna kan layi."

"Su ma duk da motar za su kwana a ɗaki?"

Gianna ta ture kujerarta ta fita.

Shekara biyu ke nan da Brodie Halloran ya sa mata zobe. Makanike ne a masana'antar sukari ta garinsu Ingham, dogo, mai saurin dariya, irin wanda idan ya kalle ka sai ka ji kamar ku biyu ne kaɗai a duniya. Shi ya kawo shawarar da ta sa ta kasa rufe baki don murna: a ɗaura aure a coci, su fito su faɗa sabuwar motar daji, su zagaye ƙasar kaf na wata shida. A makon ya yi odar motar daga masana'anta da sunayensu su biyu. Aka ce wata takwas. Aka sa biki a Mayu.

Mayu ya zo, babu mota. Aka koma Oktoba. Daga Oktoba aka koma wani Mayun, daga nan kuma wani Oktoban. Sau uku tana zuwa gaban Fada, limamin cocinsu, kai a sunkuye tana roƙon a canza rana. Telar da ta ɗinka farar rigar har ta daina tambayarta, sai dai ta yi mata murmushin tausayi idan sun haɗu a kanti.

Da ita kaɗai ce, da ta jure. Amma lokacin da aka sa zoben nan, Baba shi ke tuƙa taraktarsa. Yanzu da sanda yake kaiwa bakin baranda. Kuma buri ɗaya ya rage masa, kowa a gidan ya sani: ya riƙe hannun 'yarsa tilo daga ƙofar coci har gaban Fada, da ƙafafunsa.

Brodie ya same ta a gindin mangwaro.

"Gia... masoyiyata, kalle ni mana."

"Mu yi auren kawai, Brodie. Motar ta zo ta same mu a ɗakinmu."

"Haba! Ki fito da farar riga ki shiga waccan akwalar tawa? Me mutane za su ce?"

"Me suke cewa yanzu?"

Ya shafa ƙeya. "Kin san a ƙasar nan Fabrairu tsakiyar damina ce, hanyoyin arewa duk a rufe. Mu ce Mayu kawai, sai mu huta."

"Mayu! Ka ga yadda ya zauna a kujera yau? Sai da Mama ta tallafe shi!"

"Baba ai ƙarfe ne. Zai kai." Ya jawo ta jikinsa. "Ki ƙara haƙuri kaɗan, hasken idona. Laifin masu motar nan ne, ba su da imani ko kaɗan."

Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ta tattara duk haushin da ke ranta ta ɗora a kan masu mota.

Ranar Alhamis ita da Mama suka kai Baba asibiti a birnin Townsville. Likitan bai ɓoye musu komai ba: idan da wani abin da Baba ke son yi a tsaye, gara a yi shi kafin Kirsimeti. Mama ta zauna da shi wurin masu gashin ƙashi, ita kuwa Gianna ta fito zuciyarta na tafasa. Ba ta tsaya ko'ina ba sai kamfanin dillancin motar.

Wata mata mai furfura, da tabarau rataye a wuya, ta taso daga bayan tebur. Sunanta a rubuce a ƙirjinta: Kerrie.

"Sannu da zuwa, me za mu..."

"Shekara biyu!" Gianna ta katse ta. "Shekara biyu kuna wasa da rayuwar mutane! Kun zauna cikin sanyi kuna aika saƙo, yau Mayu, gobe Oktoba, jibi Fabrairu. Ko kunya ba kwa ji? Da hannu ake saƙa motar?"

Kerrie ba ta ko girgiza ba. Da gani ta saba.

"Ke ce ta huɗu yau, 'yar nan. Sunan mai oda?"

"Halloran."

Matar ta danna na'urarta. Sai ta tsaya. Ta sa tabarau, ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta yi wa Gianna wani dogon kallo.

"Ke ce Gianna Torrisi?"

"Ni ce."

"To sunanki na kan takardar, kina da haƙƙin gani. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Zauna dai, za ki gode min."

Ta zauna.

"Jinkirin farko namu ne, ban musa ba," in ji Kerrie. "Kowa ya sha shi. Akwai wadda ta yi oda da ciki, yanzu yaron yana gudu a nan wurin. Amma taku ta samu gurbi a masana'anta tun Satumbar bara. Saura kwana biyu a fara haɗa ta, saurayinki ya kira ya ce a canza launi, daga fari zuwa ruwan toka."

"Launi...?"

"Na ce masa, samari, duk wanda ya taɓa odarsa ƙarshen layi yake komawa. Ya ce ya sani. A Janairu layi ya sake zuwa kansa, sai ya ce kujerun fata yake so."

Gianna ta ce, "Ya ce min ƙwaro aka gani a jirgi..."

"Ƙwaron gaskiya ne, an tsare jirgi guda saboda shi. Sai dai ba jirginku ba ne." Kerrie ta taɓe baki. "Na ukun ne ya ɗaure min kai. Makon jiya motar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Brisbane, ruwan toka, kujerun fata, komai yadda ya so. Na kira shi da murnata. Ya ce in ba na bayansa, shi zai jira wata. Wani mai kiwon shanu daga Charters Towers ya ɗauka, har da shewa ya yi min a waya. Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin mai gudun motarsa ba sai shi."

Gianna ta miƙe a hankali.

"Ki yafe min ihun da na yi miki."

"Ba komai, 'yar nan. Ki adana sauran, akwai mai shi."

A hanyar komawa Ingham Mama ta tambaye ta sau biyu abin da ke damunta, ta ce kanta ke ciwo. Ta sauke su a gida, ta juya mota ta nufi masana'antar sukari, ta tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin tashin ma'aikatan rana.

Ya fito cikin abokansa da kwanon abinci a hannu, yana dariya. Da ya hango ta fuskarsa ta washe.

"Rabin raina! Yau kuma ni aka zo ɗauka?"

"Fari ko ruwan toka?"

Dariyar ta ɗauke. Abokan suka kalli juna, suka sulale.

"Gia, me kike..."

"Kujerun fa? Sun yi maka laushi? Au, na manta, mai shanu ne ke zaune a kansu."

Ya yi tsuru-tsuru. Ta tsaya tana kallonsa, tana mamakin yadda mutum mai wannan tsayi zai ƙanƙance haka a gaban idonta.

"Bari in yi miki bayani..."

"Yi. Amma ka bar ƙwaro ya huta, ya sha ƙarya."

"Ina sonki, Gia! Na rantse ina sonki!" "Amma tun da ciwon Baba ya tsananta na san babu wani zagayen ƙasa. Yau a ɗaura, gobe ni ne a kan tarakta, daga nan har in tsufa. Ke ba za ki bar shi ba!"

"Ba zan bar shi ba."

"To kin gani! Ni ban taɓa son gona ba, kin sani. Shi ne na ce in ɗan jira tukuna... in ga yadda abin zai kasance..."

"Wane abin?"

Ya kau da ido.

"Wane abin, Brodie?"

Ya sunkuyar da kai. A nan ta gane.

"Mutuwarsa kake jira."

"A'a! Ba haka nake nufi ba! Kawai dai idan... bayan... kin ga sai mu samu 'yanci mu..."

"Duk Lahadi," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "kana zaune a teburinsa. Kana cin taliyar matarsa har da ƙari. Kana ce masa Baba. Ashe lissafin ƙarfin da ya rage masa kake zuwa yi."

"Gia, don Allah..."

"Da ka zo ka ce min, Gianna, ba zan iya gona ba, da na yi kuka, amma da na ci gaba da ganin ka namiji. Sai ka je ka ɓuya a bayan fenti da kujera! Ka sa na je na zagi baiwar Allah a wurin aikinta. Ka sa na tsaya gaban Fada sau uku kamar wadda ba ta da hankali. Mtsww! Tir!"

Ya miƙo hannu zai riƙe ta, ta ja baya. Ta zare zoben, ta buɗe kwanon abincin da ke hannunsa, ta jefa shi cikin sauran shinkafa, ta mayar da murfin.

"Na sa an cire sunana daga takardar. Ka jira ta kai kaɗai. Ka iya jira ai."

"Gianna! Masoyiyata, tsaya!"

Ba ta waiga ba. Ta ja motarta ta wuce layin dogon jirgin rake ta nufi gida.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta shiga gida. Baba yana baranda, sandarsa jingine da kujera. Ya kalli fuskarta, ya kalli yatsanta da babu zobe. Ta durƙusa a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa, kukan da ta riƙe tun daga Townsville ya ƙwace mata.

Ta gaya masa komai, sai abu ɗaya da ta haɗiye. Ba za ta iya faɗa masa abin da Brodie ke jira ba.

"Ni yake jira in kauce, ko?" in ji Baba.

Ta ɗago a firgice. "Ka sani?"

"Ƙafafuna ne suka lalace, 'yar lele, ba idanuna ba. Tun bara nake ganin yadda yake kallon sandar nan."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da kin yarda? Da sai ki ce tsoho ya tsani saurayinki." Ya ɗora hannunsa mai karkarwa a kanta. "Ki yi kukanki da sauri, kafin mamanki ta fito. Idan ta ga hawayen nan adda za ta ɗauka ta nufi gidansu, ni kuwa ba ni da ƙafar tare ta."

Dariya ta kubce mata cikin kukan, sannan kukan ya dawo fiye da da.

"Baba, likita ya ce kafin Kirsimeti... Na cinye maka shekara biyu a banza. Yanzu ba za ka taka da ni ba. Ba za ka..."

"Ba zan taka ba," ya ce. Idanunsa suka cika, bai goge ba. "Na so, Allah ya sani na so. Amma ki saurare ni, Gianna. Da in kai ki hannun wancan da ƙafafuna, gara a turo ni a keke in kai ki hannun mutum."

Ta rungume gwiwoyinsa ƙam, shi kuma ya ci gaba da shafa gashinta, a hankali, iya yadda hannun ya yarda.