Shuɗi Ko Ja

"Ina ƙasar waje a lokacin fa, Sufeto. Sau nawa zan faɗa?"

"Har sai na gaji da ji, Injiniya."

Injiniya ya yi tsaki a hankali, ya turo takardu biyu kan teburin falo. Jiya da yamma aka tsinci gawar matarsa a ɗakin girki, an shaƙe ta da igiyar shanya. Mahaifiyarta ce ta fara ganinta. Shi kuwa yau ya iso daga ƙasar da ke maƙwabtaka, inda kamfaninsu ya tura shi taro.

"Wannan imel ne na aiko mata daga otal bayan azahar," in ji shi. "Wannan kuma amsarta. Karanta ka ga irin zamanmu."

Sufeto ya karanta. Ta farko ta ce: "Hasken idona, na ga gyale a wani kanti. Shuɗi kike so ko ja?" Ta biyu ta ce: "Shuɗi, masoyina. Ga mai gyaran famfo nan ya zo, ba na son irin kallon da yake mini."

Tsohuwar, uwar marigayiyar, na zaune a ƙasa, ta rungume takalmin 'yarta kamar jariri. Hawayenta sun ƙare, sai ajiyar zuciya.

"Inna, sun taɓa samun saɓani?" Sufeto ya tambaye ta.

Ta ɗaga kai ta dubi surukinta. Ya yi mata murmushi.

"A'a, ɗana," ta ce, ta sunkuyar da kai. "Zo mu zauna, zo mu saɓa ne kawai."

Kafin Sufeto ya koma caji ofis, Sajan ya riga ya kamo mai gyaran famfo, ya kuma gaisa da shi irin gaisuwar da ya saba. Mutumin na tsugune a bayan kanta, leɓe a fashe, ankwa ta ci masa wuyan hannu har jini ya bushe a kan ƙarfen.

"Wa ya sa ka taɓa shi?"

"Zamewa ya yi, yallaɓai," in ji Sajan. "Ka san masu famfo da santsi."

Sufeto bai yi dariya ba, amma bai ce a cire ankwar ba. Shi ma a ransa ya gama yanke hukunci.

"Ka je gidan jiya?"

"Ban je ba, ranka ya daɗe. Ban ma san unguwar ba."

"To wannan sifanar taka da muka gani a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, fiffike ta yi?"

Mutumin ya fashe da kuka. "Na je. Tsoro ne ya sa ni ƙarya. Amma da safe na je, wallahi. Maigidan ne ya ce in zo, tun kafin ya yi tafiya. Famfon ma lafiyarsa ƙalau, hannu ne ya kwance shi. Matar ta ba ni ruwa, idonta ɗaya a kumbure, ga akwatuna a bakin ƙofa. Da ranta na bar ta. Ina da 'ya'ya, yallaɓai."

Akwatuna? Sufeto bai ga ko ɗaya a gidan ba.

Ya shiga ofis, ya ɗauko wayar marigayiyar. Amsarta na nan cikin saƙonnin da suka fita. Ya koma kan waɗanda suka shigo, ya duba sama da ƙasa, har kwandon shara. Babu maganar gyale.

Washegari ya nufi kamfanin su Injiniya. Matar da ke kula da kwamfutocinsu na wani ɗan ɗaki mai sanyi, ta yafa rigar sanyi a kafaɗa.

"Ai wannan otal ya ishe ni," ta ce tana danne-danne. "Kowane wuri da ke kan intanet yana da lambarsa, kamar lambar gida. Lambar otal ɗin nan ta yi ƙaurin suna, 'yan damfara sun daɗe suna watsa saƙonnin banza daga can. Duk ma'aikacinmu da ya aiko imel daga can, na'urarmu tare shi take yi. Laifin wani, ya shafi kowa."

"Wanda ya aika zai sani?"

"Ina! A wurinsa zai ga kamar ya tafi. Ni ake sanarwa, ni ce nake saki. Ga na Injiniya nan, ban kai kansa ba."

"Wani ya taɓa buɗe shi?"

"Ko ni ban buɗe ba."

"Mutum zai iya saita kwamfuta ta aika saƙo ba ya nan?"

"Ya bar ta a kunne kawai, ya tafi harkarsa."

Sufeto ya ji sanyin ɗakin ya ratsa shi har ƙashi. Ya tuna hannun mai famfo.

Da la'asar ya tara su a ofishinsa. Injiniya ya zo cikin farar riga, yana ƙamshi, ya riƙo hannun tsohuwar kamar ɗa na gari. Da ya ga mai famfo sai ya tofar da yawu.

"Shi ne wannan? Ku rataye kare."

"Zauna," in ji Sufeto. "Shuɗi ta zaɓa ko?"

"Ka gani da idonka."

"Na gani. Abin da ban gane ba, yaya aka yi ta san tambayar. Saƙonka bai taɓa zuwa wayarta ba. Yana can a tsare a kamfaninku, ba wanda ya buɗe. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san akwai shuɗi da ja."

Murmushin ya daskare a fuskar Injiniya.

"Na... na faɗa mata a waya."

"Rabonka da kiranta tun ranar da ka tafi. Sajan kuma ya ciro akwatunanta daga saman silin, inda ka ɓoye su. Ka bar kwamfuta a otal tana yi maka shaida, ka tsallako iyaka ta ɓarauniyar hanya. Ka gama, ka tsaya kan gawarta da wayarta a hannu kana jiran saƙonka. Bai zo ba. Ka ɗauka jinkiri ne, ka rubuta amsa ka gudu."

Tsohuwar ta zare hannunta daga nasa a hankali.

"Ta ce mini za ta dawo gida," ta ce. "Ni na ce ta yi haƙuri. Ni na ce."

Injiniya ya dube ta, sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Ai kin taimaka, Inna. Da kin bar ta ta taho tun wancan makon, da ban same ta ba." Ya gyara wuyan rigarsa. "Ni za ta bari? Ta sa a nuna ni da baki a gari? Har ta daina motsi tana kiran sunanki, in kina son sani."

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango kawai, ta zame ƙasa.

Sajan ya zaro sabuwar ankwa daga ƙugunsa. Sufeto ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya je da kansa ya durƙusa gaban mai famfo, ya buɗe ankwar da ke hannun mutumin a hankali, bai iya haɗa ido da shi ba. Ya miƙe da ƙarfen a hannu, jinin da ya bushe yana nan a jiki.

"In goge, yallaɓai?" in ji Sajan.

"Kada ka goge. Wannan za ka sa wa Injiniya, kuma da ita zai shiga gaban alƙali. Kai kuma ka ɗauko mota, ni da kai za mu kai bawan Allahn nan asibiti, ka faɗa wa likita da bakinka yadda ya zame."